Baƙin da Suka Zaune 'Yan Aike

Ina rufe ido daren jiya mafarki ya jefa ni cikin guntun sinadarin da nake bincike a kansa, irin wanda ake ƙera kayan cikin waya da shi. Na sha barbaɗa masa garin ƙarfen da ake kira manganis don ya zama maganaɗisu, ya ƙi ƙememe. Guntu ɗaya ya rage mini, in ya lalace digirina ya bi ruwa.

Ciki fili ne fetal, ruwa na tashi daga ƙasa yana jiƙa gajimare. Jefi-jefi ga dattijo zaune riƙe da kibiya, kowa da inda tasa ta nuna.

Wata agwagwa mai tabarau ta buga mini hatimi a goshi. "Dattawan nan su ne manganis ɗinki, Malama Barira. Sai kibiyoyinsu sun nuna wuri ɗaya ƙasar za ta ja ƙarfe."

"Da wannan nisan? Ko ihu ba za su ji ba!"

"Ga ɗan aike nan tafe."

Na duba, ba kowa. Gurbi ne kawai, wurin zaman mutum ba mutum a ciki, yana haki. Ya durƙusa gaban wani dattijo.

"Baba, na baya yana gaishe ka, ya ce gabas."

"Ina amsawa." Dattijon ya juya kibiyarsa gabas. "Ka gaida na gaba."

Na tare gurbin. "Kai kaɗai ne duk ƙasar nan?"

"Da muna da yawa. Baƙin dattawan da kike turowa ne, in sun rasa mazauni sai su zaune mu."

Kunya ta kama ni, wallahi.

Sai ga akori-kura maƙil da dattawa. Mai tuƙin kuwa Malam Tanimu ne, mai kula da ɗakin gwajinmu, wanda na bar wa sallahu ya ƙara manganis da safe. Biyu da aka sauke kusa da juna nan take suka ba juna baya. Wani mai tumbi ya hango gurbin, ya tattare babbar riga zai zauna. Na cafke wuyan rigar.

"Baba, ka yi haƙuri, yau a tsaye za ka wuni!"

Ƙarar bokitin maƙwabciyata a bakin famfo ta tashe ni. Rana ta fito sosai. Na lalubo waya na kira ɗakin gwaji.

"Malam Tanimu, kada ka ƙara ko ƙwaya!"

"Ikon Allah," in ji shi. "Yanzu na buɗe kwalbar."