Babin da Shamuwa Ta Dawo

Shekara ashirin da shida Nevena ta yi tana koyarwa a birnin Plovdiv, kuma magana ɗaya take ta nanatawa: an cire babi guda daga littafi na huɗu na jerin labaran Ƙasar Shamuwa. Littattafan nan bakwai da su kowane yaro ya tashi, kowa kuma ya san cewa a na huɗu shamuwar da ke yawo da yarinya Radka ta mutu cikin ƙanƙara. Nevena ta dage a kan cewa a bugun farko shamuwar ta dawo, masu tace littattafai ne suka cire. Hujjarta ita ce da kunnenta ta ji, tana 'yar shekara shida, kwance da ƙyanda, babanta direban bas yana karanta mata. Littafin nasu ya ɓace wajen ƙaura. Abokan aikinta suna mata dariya a bayan ido, wasu ma ba sa jira ta juya.

Sai masu wasan 'yar tsana na garin suka tashi mayar da littafin wasa. Suka ce ta kawo babin kafin ƙarshen wata, ko su bar shamuwar a mace.

Bugun farkon kaɗan ne, yara kuma sun karance shi har ya yayyage. Guda ɗaya ta gano, wurin Baba Zahari, tsohon mai gyaran agogo da ya cika gidansa da littattafai. Nasa ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Shafukan a haɗe suke ta sama yadda suka fito daga maɗaba'a, kuma a wurin masu tara littattafai wannan ita ce darajarsa.

Da ta je gidansa, ya kawo mata gahawa da ɓaure dafaffe da sukari.

"Malama, shekara arba'in ban sa masa wuƙa ba," in ji shi. "Marigayiya matata ma da ido ta san shi."

"Baba, littafin da ba a karantawa ai bulo ne."

"Bulon nawa ne dai. Sha gahawarki."

Ba ta sake gardama ba. Ta ba shi labarin ƙyandar, da babanta da ya rasu bai ga ta fara koyarwa ba. Tsohon ya daɗe yana goge tabaronsa, sannan ya tashi. Ta miƙa masa wuƙar burodin da ke kan tebur.

"Yanka rago za mu yi?" Ya ɗauko wata siririya ta katako.

Shi ya yanka da hannunsa, shafi bayan shafi, yana ɗan rufe ido. A babi na goma sha ɗaya shamuwa ta mutu. A na goma sha biyu Radka ta koma gida a ƙafa, ita kaɗai, kamar dai a kowane bugu. Nevena ta bi lambobin shafukan sau biyu. Babu wanda ya yi tsalle.

Kunya ta rufe ta. Ta ɓata wa dattijo littafi, ta kuma ɓata shekarunta.

"Babanki aji nawa ya yi?" Zahari ya tambaya.

"Huɗu."

"Da yake karanta miki, yana juya shafi?"

"Yana juyawa. Har yatsa yake lasa."

"To, ai kin samu marubucinki, Malama. A cikin bas yake, kina nemansa a maɗaba'a."

Ta tuna irin kukan da ta yi ranar da shamuwar ta mutu, da yadda babanta ya dube ta, ya dubi littafin, ya ce ta dakata, ai da saura.

"Kina tune da babin?" in ji Zahari.

"Kalma ɗaya ban manta ba."

Ya tura mata littafin ta kan tebur. "An yanka min bulo saboda babin nan, sai na ji shi."

Nevena ta buɗe babi na goma sha biyu, ta lashi yatsa, ta fara ba shi babin babanta da ka.