Tudun Yatsa Biyu

"Kai, mai takalma, wace ƙafa aka yi wa aiki?"

Yana durƙushe gaban kujerar Malama da takalmin a hannu, sai a lokacin ya gano ɓarnar da ya tafka. Tudun da ya kwana uku yana ɗorawa, a ƙafar dama ya ɗora shi.

"Ta hagu, Malama."

"To wannan fa? So kake in riƙa tafiya kamar akuya a kan tsani? Shekara talatin da na koya maka hagu da dama, ashe asarar alli na yi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Shi kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ya zo awo suna fuskantar juna ne, sai ya rubuta damansa a madadin hagunta.

Bara likitoci suka yanke ƙashin cinyarta da ciwon daji ya ci, suka sa ƙarfe a gurbinsa, suka yanko tsoka daga bayanta suka rufe wajen. Aiki ya yi kyau, sai dai ƙafar ta gajarta da yatsa biyu. Yanzu ciwon ya koma huhu, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da shagonsa, yana jin tarin kullum. Abu ɗaya ta roƙe shi: ta taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida a miƙe, ba ɗingishi, tun tana iyawa.

"Gobe da safe, in Allah ya yarda."

"Kada ka yi mini goben tela dai."

Ya ɓamɓare tudun, ya yanki sabuwar roba, ya ja layi da fensir, ya shafa gam. Amma gam ba ya jin roƙo, sai ya sha iska ya kama. Bai kawo ba sai jibi da la'asar.

'Yarta ta tare shi a bakin ƙofa. "Malam, tun jiya ba ta iya tashi."

Ya shiga. Malama na kwance, ta rame sosai. Ta dubi ledar hannunsa.

"Sa mini."

Ya sa mata a hankali. 'Yar ta ɗan jawo ta ƙasa har dugaduganta suka kai katakon ƙarshen gado. Ta danna, duka biyun suka taɓa lokaci ɗaya.

"Sun zo daidai," ta ce. "Ka ci, amma da gyara."

Ya yi dariya, hawaye na zubo masa, bai ɓoye ba.

Ta rasu ranar Talata da hantsi. Bayan kwana bakwai 'yar ta kawo masa takalmin shago, ta ce ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ya karɓa ya juya ƙasansa. Layin fensir ɗin yana nan raɗau a kan robar, ko ƙura bai ɗauka ba.