Gwajin da Aka Gyara Kafin Sallah

Tun da Latifa ta ga duk gwaje-gwajen sabuwar sigar manhajarsu sun yi kore, alamar ba kuskure, hankalinta ya ƙi kwanciya. Ita dai ba ta yarda da aikin da ya tafi sumul ba, balle aikin Jalaluddeen.

Su biyu ke kula da manhajar da ke tsara kai ragunan layya gidajen mutane a unguwar New Bell ta Douala. Manhajar tana ɗaukar ranar Sallah daga wani ƙaramin laburare, wato sashen lissafin kwanaki da suka rubuta, gwaje-gwajensa na cikinsa. In ranar ta kuskure, raguna su iso ba a kan lokaci ba, kuma sunan Latifa ne a bakin unguwa, don ita ta bi gida-gida ta ce a yarda da ita.

Jalaluddeen kuwa bara ya zo daga Kano, ga yawan murmushi, ga saurin cewa an gama. Ta daɗe tana zargin kujerarta yake hari.

Ta jera tsohuwar siga da sabuwa tana bi layi-layi. Can ta gano: ya matso da Sallah daga Asabar zuwa Juma'a, da gwajin ya ƙi amincewa sai ya bi gwajin ya gyara shi ma. Ranta ya ɓaci sosai. Wato ya toshe bakin mai gadi ke nan.

Ta same shi yana shan shayi, ta juya masa kwamfutar. Ko a jikinsa. Ya ce ai mahaifiyarsa ta bugo daga gida, an ga wata, gwajin ne ya yi kuskure.

"Nan Douala ne, Malam. Sanarwar Kamaru muke bi, c'est tout, shi ke nan," in ji ta.

Ya ce ta dai tambaya, ba kowa ke bin wannan sanarwar ba. Ba ta tambayi kowa ba. Ta mayar da tsohuwar siga, ta cire masa izinin taɓa laburaren, ta tura wa direbobi cewa sai Juma'a, jajibirin Sallah, za a kai raguna.

Ranar Alhamis da la'asar wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne, wanda aka haifa a New Bell ɗin nan, bai taɓa taka Kano ba.

"Uwata, ina ragon nawa? Gobe fa za mu yi Idi, mu da mutanen masallacinmu."

Ta ce, "Gobe, Baba?"

Ya ce tun kakanta da ganin watan can Kano suke yi, wuƙarsa ma ya riga ya wasa.