Roba Ba Ta Son Zafi

"Zare zan sayo, Inna," ta ce tana gyara mayafi, ba ta ɗago kai ba. "Baƙi ya ƙare mini."

Surukarta na zaune a kan tabarma, jariri ɗaya a cinya, ɗaya a baya. Ta dubi kwalin da ke kan keken ɗinki, inda baƙin zare uku ke tsaye a jere, sannan ta dubi agogon bango. Bakwai da rabi.

"Allah ya kiyaye hanya. Madararsu fa?"

"Na haɗa, tana cikin fulas."

Maman Biyu ake kiranta a layin tun wata biyar da suka wuce, ranar da aka ciro mata tagwaye ta hanyar tiyata. Kafin nan mai ɗinki ce kawai. A cikin bas ta samu wuri kusa da taga, ta ɗora jaka a kan cikinta ta danne da hannu biyu. Awa goma ke nan da faruwar abin. Ta sake ƙirgawa da yatsu, goman ce dai.

Leda huɗu na jini aka ƙara mata a wancan lokacin. Ranar sallama likita ya ja kujera ya zauna, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Ke tela ce, kin san abin da ke faruwa idan aka ja sabon ɗinki. Haka mahaifarki take. Shekara biyu nake so. In ciki ya shiga kafin nan, ba zan miki alkawarin komai ba." Ƙwayar tazarar haihuwa ta yau da kullum ba ta dace da hawan jininta ba. Allura kuma ta sa ta zubar da jini har mako shida. Shi ya sa ita da mijinta suka tsaya a kan kwaroron roba. Jiya ya fashe.

A sashen tazarar haihuwa aka ba ta kati mai lamba goma sha bakwai. Ta zauna a ƙarshen benci. Rigar matar da ke gabanta ta fara ganewa kafin ta gane mai rigar, domin ita ta kafa mata zif ɗin baya da hannunta.

Matar ta waiwayo. "A'a, Maman Biyu! Ko za a koma Maman Huɗu ne?"

Benci ya ɗauki dariya. Ita ma ta buɗe baki ta yi tata, ta ce awon jini ta zo.

"Awon jini a wancan ginin ake yi, 'yar'uwa."

"To ai gara da kika faɗa mini," in ji ta, amma ba ta motsa ba.

Sai goma saura kwata aka kira lambarta. Sistar dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta karanta katin asibitin daga sama har ƙasa, ta koma kan layin da aka ja wa jan biro.

"Me ya faru?"

"Ya fashe, Sista."

"Yaushe?"

"Jiya. Yanzu awa goma sha biyu."

"Al'adarki ta dawo?"

"Wata biyu ke nan. Nonon ba ya isar su, muna haɗawa da madara."

"Ta ƙarshe yaushe ta fara?"

"Yau kwana goma sha ɗaya."

Biron Sista ya ɗan tsaya a kan takarda, sannan ya ci gaba. Maman Biyu ta ga tsayawar. Sista ta gwada jininta, ta buɗe durowa ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta tura mata kofin ruwa.

"Haɗiye tukuna, magana ta biyo baya. Wannan ba ta zubar da ciki, jinkirta fitowar ƙwai take yi. Cikin kwana uku ake so a sha, kuma gara da wuri. Kin kyauta da ba ki zauna kina jin kunya ba. In kika yi amai cikin awa biyu, ki dawo in ba ki wata."

"Shi ke nan na tsira?"

"Ban ce ba. Ta rage haɗarin sosai, ba ta kawar da shi duka ba. Mako uku daga yau ki zo mu yi gwaji, ko kin ga jini ko ba ki gani ba."

Mako uku. Ta ajiye kofin.

"Yanzu faɗa mini yadda kuke yi," in ji Sista. "Kada ki rufe fuska, jikokina bakwai. Da me kuke buɗe ledar?"

"Wani lokaci da ɗan almakashina."

"Almakashi! Yadi ne? Da yatsa ake yagewa, ta gefen nan mai haƙora. Yana matse bakin ya fitar da iska kafin ya warware?"

"Yana yi."

"Tun daga farko yake sawa, ko sai tafiya ta yi nisa?"

"Tun farko."

"Madalla da shi. Kuna shafa wani abu?"

Maman Biyu ta dubi ƙasa. Tun bayan haihuwar jikinta ya bushe, abin yana mata zafi. Ta ce, "Man yaran. Shi ne a kusa da gado."

Sista ta ɗauko kwaroro ɗaya daga kwali, ta yage ledar, ta hura shi kamar balan-balan ta ƙulle bakin. Ta ɗiga man jarirai a tafin hannu ta shiga murza gefensa a hankali, tana kallon agogon hannunta. Ba a cika minti biyu ba ya fashe. Maman Biyu ta zabura har jakarta ta faɗi. Daga waje wata ta ce, "Lafiya dai, Sista?"

"Lafiya lau, darasi muke," Sista ta ɗaga murya. Ta goge hannu. "Kowane irin mai cin robar nan yake yi. Man shafawa, man girki, basilin, duk ɗaya. Ga wanda aka yi da ruwa, shi kaɗai za ku riƙa sawa. Saura tambaya ɗaya. Ina kuke ajiyewa?"

"A motarsa. Direban tasi ne."

"A ina cikin motar?"

"Akwatin gaba."

Sista ta cire tabarau. "Motar da ke wuni a rana. Gidan naku ba shi da durowa ne?"

Akwai durowa. Amma ɗaki biyu ne da falo, kuma tun da Inna ta zo taya ta renon tagwayen babu lungun da hannunta bai shiga ba. Ita ke ninke kayansu, ita ke kaɗe katifa, har aljihun wandon ɗanta takan zazzage kafin wanki. Ba don bincike ba, hannunta ne ba ya iya zama. Kullum kuma in ta ɗauki yaran sai ta ce Allah ya kawo masu albarka a bayansu. Ta ina za a bari ta ci karo da wannan? Shi ya sa kowane dare mijin yakan ce ya manta caja a mota.

"Kunyar suruka," in ji Sista. Ta zuba sababbin kwaroron a baƙar leda ta ƙulle. "Ki gaya masa na gaishe shi. Roba ba ta son zafi, ba ta son matsi. Kafin ku buɗe, ku duba ranar ƙarewa, ku danna ledar. In ba ku ji iska a ciki ba, a shara."

Tashar tasi na bayan kasuwa. Ƙarfe goma sha biyu ta wuce lokacin da ta isa, motoci na jere a fili babu inuwa ko ta kirki, direbobi sun taru a ƙarƙashin rumfar kwano.

"Baban Biyu, tashi tsaye, hukuma ta zo rangadi!" wani ya ce.

"Wallahi tun safe fasinja uku ya mayar," in ji wani. "Mun ce ko laifi ya yi a gida."

Mijin ya taso yana murmushin da bai kai ido ba. Sai da suka yi nisa da rumfar ya rage murya.

"Na kira ki sau shida."

"Ina gaban Sista. Buɗe motar."

Ta zauna a kujerar gaba, zafin kujerar ya ratsa zaninta. Da ta taɓa murfin akwatin sai da ta janye yatsa. A ciki akwai takardun mota, sukurdireba, tsohuwar caja, da kwalin a can ƙasa, ya lotse. Ta zaro ɗaya ta danna. Ledar ta kwanta shafal, da ɗumi kamar an sauke ta daga wuta.

"Na duba ranar fa," ya ce. "Sai baɗi zai ƙare. Kullum ina dubawa."

"Na sani."

Ta yage ta gefen haƙoran, ta ja robar tsakanin yatsu kamar yadda take gwada robar ƙugun wando kafin ta saya. Ta san wannan jin. Robar da ta kwana biyu a tagar shago haka take, tana danƙo, tana miƙewa ba ta komawa. A ja na biyu ta tsage.

Ya dubi abin da ke hannunta.

"Ni na jawo ke nan."

"Kai da rana. Ni kuma da man yara da almakashi. Sista ta raba mana laifin daidai."

Ta faɗa masa sauran: ƙwayar, kwana goma sha ɗaya, mako uku. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu duk da motar a kashe take.

"Ranar tiyatar nan ni aka miƙo wa takarda in sa hannu," ya ce. "Nas ɗin tana cewa yi sauri, Malam, yi sauri. Har yau in na riƙe biro sai na tuna. Ba zan sake sa hannu a wannan takardar ba. Ko mu haƙura gaba ɗaya har shekara biyun."

"Haka ka ce wancan watan."

Ya yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. "To ina za mu kai su? Kin san Inna."

"Ban sani ba tukuna. Amma ba mota ba."

Ta kwashe tsofaffin ta ƙulle a tsumma, ya kai su kwandon shara da kansa, yana waige kamar mai jefar da kayan sata. A hanya ta tsaya ta sayi baƙin zare guda biyu, ta ɗora a kan baƙar ledar cikin jaka. Awa biyun sun wuce, ba ta yi amai ba. Ta riƙe wannan, tunda shi kaɗai ke hannunta.

Ta tarar an share gidan, an shanya kayan yara. Macen na barci. Namijin na cinyar Inna yana cin yatsunsa.

"Sannu da dawowa. An samu zaren?"

"An samu, Inna."

"Kasuwar ta yi nisa yau."

Maman Biyu ta ajiye zaren kusa da 'yan'uwansa uku, ta rataye jakar a kafaɗa kamar za ta sake fita. Tana lissafi: ƙasan keken ɗinki, Inna na goge shi. Cikin matashi, Inna na canza riga. Saman kabad, Inna na hawa kujera.

Inna ta ɗaga jaririn ta tsayar da shi a kan gwiwarta, ta dubi fuskarsa.

"Kai, maigidana, zo mu yi magana," ta ce masa. "Ka gaya wa babanka cajar nan da yake mantawa kullum ta ishe ni. Ranar da ya kai ni asibiti na buɗe akwatin motarsa ina neman abin goge fuska. Ko maganin ciwon ƙafata an ce kada in bar shi a rana, balle abin da ran mutum ya rataya a kai. Na yi ta jira ya yi hankali da kansa."

Yaron ya yi dariya, yawu na zuba. Maman Biyu ta tsaya inda take.

"Ka kuma gaya wa mamanka," Inna ta ci gaba, har yanzu ba ta dube ta ba, "ni aka miƙo wa zaninta a ƙofar ɗakin tiyata. Ni na wanke shi. Ruwa biyar na canza. Ƙannen da nake roƙa muku ban sa musu rana ba."

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro ɗan makulli ta ajiye a kan tabarma, ta tura shi gefe da yatsa ɗaya.

"Durowar ƙasa ta kabad ɗinku, na kwashe tsummokaran ciki. Nan ne ya fi sanyi a gidan. Bayana ma ba ya son sunkuyo."

Maman Biyu ta durƙusa ta ɗauki makullin. Ta buɗe baki, Inna ta riga ta.

"Wannan yaron ya jiƙe. Miƙo mini ƙyallensa."

Ta miƙa mata. Sannan ta shiga ɗaki ta saka ledar a durowa ta kulle. Kwalbar man yaran da ke gefen gado ta ɗauke ta, ta kai falo cikin kwandon kayansu. A kalandar da ke bayan ƙofa, inda take rubuta ranar karɓar ɗinkin mutane, ta ƙirga kwana ashirin da ɗaya ta zagaye ranar da alli. Ba ta rubuta sunan kowa a ciki ba.