Gatari ne ko Hannu?

Ran Talata ne, ana ta tsuga ruwa tun safe, Kafinta ya kashe ƙaton da ke tsaron gada. Ya daɗe yana shan kashi a hannun wannan mai sulken, amma yau da ya ɗaga gatari ya kai sara kaɗan, sai ƙato ya kife cikin kogi.

Bai yi murna ba. Ya ajiye abin dannawa a kan cinya, ya zuba wa talabijin ido.

Tun da injin yankan katako ya ci masa yatsu biyu na dama aka ɗinke, likita ya ce ya riƙa motsa su. Ƙanensa Auta ya kawo masa gem ɗin, wasan yaƙi irin na zamanin takobi da dawaki, wai shi ma motsa yatsu ne. Kafinta kuwa ya ɗauki abin da zafi, har ya rantse cewa ranar da ya kayar da ƙaton gada, ranar zai koma shago ya riƙe zarto.

To, ga shi ya kayar. Sai dai cikin sauƙi haka? Ya tuna jiya ya fito daga wanka ya tarar da Auta shi kaɗai a falo yana danne-danne. Ya tuna ɗazu matarsa ta yi masa barka daga kicin tun bai buɗe baki ba. Kwanan nan ma ko kofi ya ɗauka sai an yaba masa, kamar yaro mai koyon tafiya. Ya shiga saitin wasan ya duba, yana nan a kan mafi wuya. Ya koma ya duba gatarin, ya kasa tuna ko dā haka ƙarfinsa yake.

Da la'asar Auta ya shigo a jiƙe sharkaf. Kafinta bai bari ya cire takalmi ba, ya tambaye shi ko ya kai gatarin wajen maƙerin cikin wasan an ƙara masa kaifi. Auta ya yi dariya, ya ce shi ko gatarin gidan nan bai taɓa wasawa ba, balle na talabijin.

"Yaya, hannunka ne ya warke. Ka yarda mana."

Da ya tsaya nan, da an zauna lafiya. Sai ya ƙara da cewa ya ji masu gem ɗin sun ɗan taɓa makamai, don mutane na ta ƙorafin takobi ya fi gatari nesa ba kusa ba. Ko gyaran ya iso nasu, shi dai bai sani ba.

"Wato ba ni ba ne," in ji Kafinta.

"Ban ce ba."

"Ka ce."

Ya ɗauki abin dannawa, ya jefa gatarin cikin kogi, ya zaro wata tsohuwar wuƙa mai tsatsa. Auta ya tuna masa cewa a matakin da ke ƙetaren gada wanda ya mutu ya mutu kenan, sai a faro daga farko. Matarsa ta leƙo ta ce likita bai ce a yini ana yi ba. Ko kallonsu bai yi ba. Ya haye gada ya faɗa cikin 'yan fashin daji.

Ya yi ta maza, gaskiya. Yana goce wa mashi, yana suka, yana ja da baya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya kayar da da yawa. Can sai yatsan tsakiya ya ƙage a kan maɓalli ya ƙi tashi, wani mai gora ya zo ta baya ya gama da shi.

Auta ya fita cikin ruwan, ko lema bai nema ba.

Abin da aka rasa ranar: gatari ɗaya, doki ɗaya, sulke da kwalkwali, jarumin da aka yi mako biyu ana rainonsa, da zare uku na ɗinkin yatsa.