Zomon Lakwal a Gidan Suruki

Jaka biyu, kilishi, turaren Hajiya, littafin aro ɗaya, da zomo cikin keji. Abin da Moctar ya ɗauko ke nan daga Saint-Denis kusa da Paris, ban da yaransa biyu. Jirgi ya ci rabin hanyar Lyon, 'yarsa Hamdiya ba ta ɗaga kai daga littafin ba.

Zomon na ajinsu ne a lakwal, wato makaranta. Duk hutu madam takan ba yaro ɗaya riƙonsa. Bana abin ya faɗo kan Hamdiya, ta yi alkawarin mayar da shi da ransa. Littafin kuwa labarin wata tsohuwa ce Bayahudiya a unguwar Belleville da kyanwarta.

"Baba, ka san Yahudawa ba su cin abinci sai sun ba dabbarsu?" in ji Hamdiya.

"Karanta a zuci," in ji Moctar.

A unguwar Minguettes, surukinsa Alhaji Salmanu ya tarye su bakin ƙofa. Ba a gama gaisuwa ba ya leƙa keji, ya matsa cinyar zomo.

"Kai, Moctar, har da wahala? Allah ya yi albarka. Hajiya, gobe akwai farfesu!"

Moctar ya buɗe baki, kunya ta rufe shi. Wanda ya ba ka 'ya ba ka ce masa dawo mini da zomo. Sai ya ce, "Amin, Baba."

Aka kawo tuwo. Alhaji ya wanke hannu, Hamdiya ta janye kwanon gabanta.

"Tsoho, ba mai ci sai zomo ya ci."

"Amaryata, yau da yunwa za ki kashe mijin naki? Wa ya kafa wannan doka?"

Ƙanenta Ilya ya ɗaga littafin. "Yahudawa ne. Har kyandir suke kunnawa ran Juma'a da yamma."

Moctar ya duƙar da kai, yana jiran tsawa. Alhaji ya karɓi littafin, ya sa tabarau, ya daɗe kan hoton tsohuwar tana zuba wa kyanwa madara, ga nata abincin yana hucewa.

"Wato su ne za su koya mana tausayin dabba? Mu da aka ce mana wata ta shiga wuta saboda kyanwa? Hajiya, kawo karoti!"

Ya durƙusa da babbar rigarsa, ya miƙa. Zomo ya ci ɗaya, ya ci biyu. Alhaji ya ce a ƙaro ganyen salati, kada a ce tsohuwar Belleville ta fi shi hannu. Tuwo ya sandare.

"To farfesun fa?" in ji Hajiya.

"Wanda ya ci daga hannuna? Haram."

Moctar ya yi ajiyar zuciya. A karon farko tun Paris ya ji yunwa.

Ran komawa ya je ɗaukar keji, ya tarar an mai da shi ɗakin Alhaji, kusa da hita, an shimfiɗa masa tsohon rawani.

"Baba, ai zomon... na lakwal ne. Madam tana jira."

"Ni kuma zomo ne ke jirana. Kyauta ka kawo, gaban Hajiya ka amsa amin."

"Tsoho, na yi alkawari!" in ji Hamdiya.

"Ki gaya wa madam ya samu gida."

Alhaji ya shige, ya turo ƙofa, ya murza makulli. Daga ciki ya ce, "Ba yanka, ba Paris. Ku bar mini littafin ma, ban gama ba."