Safar Baba Hedimasta

…kuma ya ƙi fita. Sau uku ke nan tana goga sabulu, tana cuɗawa, tana matsewa, tabon yana nan a wajen yatsu kamar da shi aka saƙa safar. Me ma ya sa take wanke ta? Wa zai sake sawa? Arinola tana tsugune a gindin famfon bayan gidan tsofaffi, rana tsaka, zannuwan gado goma sha tara suna shanye a kanta suna ɗiga, amma safa guda ɗaya ta hana ta miƙewa. Safa ce ruwan toka, mai kauri, mai kai wa gwiwa. Ta ƙafar hagu ce.

Ƙarfe biyu 'yar Baba Hedimasta za ta iso daga Legas. Yanzu ɗaya da… a'a, ba za ta duba agogo ba.

"Litinin ciwon ya fito, Litinin muka gani, Litinin muka kai shi asibiti. Kin ji ni ko ba ki ji ni ba?" Madam Olukoya mai gidan ke nan, ɗazu da safe, tana buga biro a tebur. "Abin da takarda ta ce ke nan. Hannun wa ke jikin takardar? Naki. To ki riƙe bakinki a inda hannunki yake."

Takarda. Tana rataye a gindin gadon kowa, gida-gida: baki, baya, kwankwaso, ƙafafu. Ka duba, ka ja alama. Ƙafafu — lafiya. Ƙafafu — lafiya. Mako shida cur tana jan alamar nan da kyakkyawan rubutunta, rubutun da shi da kansa ya koya mata, ba ta ga ƙafar ba ko sau ɗaya. Likita ya ce yatsu biyu sun riga sun tafi. Sauran ƙafar kuma sai an ga abin da Juma'a ta zo da shi. Ya kuma ce, a gaban kowa, wannan ba ciwon kwana uku ba ne.

Layin safe. Firamare, Ogbomosho. Raɓa a ciyawa, ƙararrawa, a miƙo hannuwa — farce, haƙora, bayan kunne, ƙafa. Hedimasta Ojediran yana tafe da gajeren wando fari da safa har gwiwa, ba ya sauri, ba ya tsallake kowa. Ita tana can layin baya, shekara tara, ta naɗe ƙafa da tsumma. Kwalba ta taka a rafi, kwana biyar tana ɗingishi a ɓoye.

"Arinola 'yar mai ƙosai, kwance tsumman nan."

"Ba komai ba ne, Sa."

"Ban tambaye ki ba."

Ya durƙusa. Hedimasta guda, a ƙasa, farin wando a cikin jar ƙasa, gaban yara ɗari uku. Ya matse mugunyar da yatsunsa, ya zuba aidin, ta kurma ihu, ta harbi tabaransa ya faɗi can. Bai sake ta ba. Ga tabon nan ma, a tafin ƙafarta, yanzu haka ruwan sabulu yana bi ta kansa…

Cuɗa. Matse. Sabulun ya kusa ƙarewa.

Mu biyu ne fa. Mutum biyu, tsofaffi goma sha tara, a yi wa wannan wanka wancan ya ɓata gado, a ba wannan koko a baki waccan tana neman ƙofa wai za ta kasuwa ta buɗe shagon da aka rushe tun kafin a haifi Arinola. Wa yake da lokaci? A je a tambayi Madam me ya sa ba ta ƙara ko mutum ɗaya ba. A tambayi 'yar tasa wa ya aiko da takalmin nan mai tsinin baki da ya ci masa yatsa, shi kuma ya ƙi cirewa don Remi ce ta sayo. A tambayi… Ƙarya kike, Arinola. Kin duba ƙafar Mama Agbeke kullum, tana zaginki har kakanninki. Kin duba ta Alhaji Raimi yana mintsininki. Goma sha takwas kin duba. Lokaci bai taɓa ƙare miki ba sai a ɗaki na bakwai, ɗakin Baba Hedimasta.

Mako shida da suka wuce aka sauko da shi daga mota, ya rame, babbar rigarsa ta agbada tana yawo a jikinsa, amma safar tana nan. Gwiwoyinta ne suka fara gane shi, kafin ta ankara suna ƙasa. Ya dube ta ta saman tabarau. "Aji huɗu. Layin baya." Daɗin da ta ji ran nan! Mace mai shekara arba'in da shida, mai jika, tana murmushi kamar an ba ta kyautar littafi. Shi ya ce wa Madam ita yake so ta riƙa kula da shi. Ta yi ta faɗa wa mutane a coci.

"Ajiye bokitin, ki ja ƙofar." Kullum haka. Shi zai yi wankansa, ya fito a shirye, hula, riga, safa, takalmi.

"Baba, ƙafar taku, in ɗan…"

"Ƙafata lafiya lau. Ke da na koya wa yankan farce?"

"To, Baba."

To, Baba. To, Baba. Gwiwa ƙasa, kai ƙasa, a ja da baya, a ɗauki biro. Yaya za ta yi ta kama ƙafar mutumin nan ta tuɓe shi yana cewa a'a? A garinsu wanda ya girme ka da shekara ɗaya ma ba ka kiran sunansa. Uwarta ta taɓa marinta don ta miƙa wa babba kofi a tsaye. Ai tarbiyya ce. Ai mutunci ne… To nas ɗin da ta koya musu aiki fa, me ta ce? Ta faɗa, ta maimaita, ta sa suka maimaita kamar 'yan aji ɗaya: mai ciwon suga ba ya jin ƙafarsa. Ko ƙusa ya taka zai ce miki lafiya lau, kuma ba ƙarya yake ba. Idonku ne jinsa. Arinola ce ma ta fi kowa ɗaga murya wajen maimaitawa.

Warin.

Kada ki je nan. Shanya safar ki tashi.

Warin ya fara mako biyu da suka wuce, ko uku. Ɗan kaɗan, a ƙarƙashin hodar da ya fara barbaɗawa. Ta buɗe tagogi. Ta wanke ƙasan ɗakin har sau biyu a rana. Ta ce ɓera ne ya mutu a silin — ɓera! — ta sa maigadi ya kawo tsani ya hau, yana ta lalube da tocila yana tsaki, Baba yana zaune a kujera da jarida a buɗe, ƙafar hagu a ɓoye bayan ta dama. Sai ya sauke jaridar kaɗan. Suka haɗa ido. Daƙiƙa nawa? Ba ta kai uku ba. Idon nan ba na hedimasta ba ne, idon layin baya ne, na mai tsumma a ƙafa. Ta gani. Wallahi ta gani. Ta sunkuyar da kai ta ce wa maigadi ya duba ɗaya kusurwar.

Ta sani ke nan? Ta sani. Hancinta ya sani, cikinta ya sani, hannunta kuwa ya ɗauki biro.

Rana ɗaya tak ta ɗauki hutu, Litinin, sunan jikar yayarta. Tana can ta ci gwaggwaro tana rabon amala, tuwon garin doya, abokiyar aikinta Sidikat ta shiga ɗaki na bakwai a madadinta. Sidikat da ba ta iya gaisuwa ba, mai taunar cingam a gaban manya, wadda Arinola ta sha yi wa faɗa a kan ta riƙa rusunawa. Ita da bakinta ta ba da labarin a kicin, tana kwaikwayon muryarsa.

"Wai 'ƙafata lafiya lau.' Na ce Baba, ni ban yi makarantarku ba, a kasuwa na girma. Ku miƙo ko in ɗauka da kaina. Ya ce ba ni da kunya. Na ce an daɗe ana faɗa. Na ja safar…" Nan ta daina dariya. Safar ba ita kaɗai ta fito ba. Sannan ta juyo. "Anti mai ladabi, sannu da aiki. Gwiwarki ta yi kanta, ƙafar mutum ta ruɓe."

Ba wanda ya ce mata ta yi shiru.  

Kunya. Ba ta taɓa sanin tana da nauyi haka ba, a wuya, a kafaɗa. Jiya ta kasa cin abinci a gaban 'ya'yanta. In ta ce Litinin, shi ke nan, takarda ta rufe ta, Madam ta rufe ta, gobe ta zo aiki kamar kullum. In ta ce mako shida… aikin ya tafi, wannan ba sai an faɗa ba, kuma labari zai riga ta isa Ogbomosho. 'Yar mai ƙosai ce ta bar ƙafar Hedimasta ta ruɓe. A coci, a bakin rijiya, a kunnen uwarta da ta tsufa tana alfahari da ita. Amma in ta ce Litinin, takardar nan ta zama gaskiya ke nan, kuma gobe wani zai rataye irinta a gindin gado ya…

Hon na mota. Ƙarar ƙofar ƙarfe. Tun yanzu?

Takalmi mai tsini a kan siminti, ba ofis ya nufa ba, nan yake tahowa, yana ratsa zannuwan gado. Anti Remilekun. Ta girme ta, da goshin ubanta sak, idanu sun kumbura. Madam tana biye da ita, ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta harɗe hannuwa.

"Ke ce Arinola? Daga asibiti nake. Tun da ya farfaɗo yake maganarki." Ta kamo hannayenta, jiƙaƙƙu, da kumfa, da safar da komai. "Ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa ki. Ya ce duk gidan nan ke kaɗai kika san darajar babba. Na gode, ƙanwata. Allah ya ba ki masu yi miki." Ta ja numfashi. "Ke kike tare da shi kullum. Faɗa mini tsakani da Allah, yaushe abin nan ya fara?"

Darajar babba…

Gwiwoyin sun fara tafiya, su ba sa jiran a ce musu. Ƙasa, siminti, ruwan sabulu yana ratsa zani. Shi ma ya durƙusa ran nan, a jar ƙasa, amma shi don ya kai ga ƙafar ne. Ita mako shida tana durƙusawa a gabansa, ƙafar tana nan dab da fuskarta, taku ɗaya, miƙa hannu kawai — wa take tsare wa mutunci? Shi? Ko dai so take ya ci gaba da cewa ita ce yarinyar kirki, aji huɗu, layin baya?

Litinin tana kan harshenta, ga ta nan, ba wuya. Madam ta yi gyaran murya. Safar tana ɗiga a kan takalmin Anti Remi, ɗis, ɗis, matar ba ta ma lura ba, jira take.

"Anti…" Arinola ta ce. Muryarsa ta layin safe a kunnenta: ban tambaye ki ba, kwance tsumman nan. "Anti, ni…"